Zauren Masu Benz na Kano: shawara kan sufacaja ɗan Beljiyam

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. C200 Kompressor ɗina ta 2004 ta fara wata ƙara a sulo, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma ba ta jan hanya kamar da. Makanikena ya ce sufacaja ne, wato na'urar da ke tura iska cikin inji, in nemo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Me zan duba kafin in biya?

Oga Idi: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka je kasuwa tukuna. Injin motarka M271 ne, kuma an san shi da sakin tayimin cen, wato sarƙar da ke daidaita lokacin aikin inji. In ƙarar ta fi yawa da asuba, daga tayarwa ta yi 'yan daƙiƙu ta lafa, cen nake zargi. A cire bel, a tayar da injin a saurara. Sufacaja da bel yake juyawa, ba da hayaƙin salansa ba irin na'urar tabo (turbo), saboda haka in ƙarar tana nan babu bel, ba shi ba ne. Amma kada a wuce minti 1, don bel ɗin ne ke juya famfon ruwa.

Ɗan Hotoro: Gaskiya ne Oga. Rashin ja kuma a duba tiyoyin iska, zafin Kano yana tsattsaga su.

Baban Ummi: Mun gwada yanzu a gareji. Da aka cire bel shiru kake ji.

Oga Idi: To yanzu ka je. Ka sa a ɗora maka sufacajan kan benci cikin haske, kada ka saya daga cikin buhu. Kamfanin Eaton ne ya ƙera shi, ciki rodi 2 ne masu murɗe da ke tura iska, kuma ba sa taɓa juna ko bangon gidansu. Juya fuli, wato inda bel ke hawa, da hannu: ya tafi sumul, babu gurzawa. Sannan ka tokare rodin da yatsa, ka kaɗa fulin gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai wasa tsakanin fuli da giya. Ja shi sama da ƙasa ma. In yana lilo, boris ya tafi. Haska tocilan ciki. Ɗan ɓarewar fentin rodi ba komai ba ne, amma in farcenka yana maƙalewa a zane a jikin bango, ajiye musu kayansu, iska za ta riƙa zurarewa ta nan.

Alhaji Tukur: Ku ƙara da duba man sufacajan. Yana da nasa daban a gidan giya, kaɗan ne, bai haɗa hanya da baƙin man inji ba. Ni na taɓa sayen wanda aka wanke da fetur yana ƙyalli, ban buɗe noti ba. Ko wata bai yi ba ya kama kuka, muka buɗe muka tarar a bushe, giyoyin sun ci juna. Har yau abin yana ci mini rai.

Baban Ummi: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Man da ke cikin nawa yana wari sosai, lalacewa ce?

Alhaji Tukur: Amin. Haka warinsa yake. Abin tsoro shi ne ka shafa a farar takarda ka ga garin ƙarfe. Zuƙe tsohon da sirinji, a zuba wanda aka rubuta na sufacaja ne. Kada wani ya ce maka man giya ma ya yi.

Ɗan Hotoro: Ka sa sabon bel da sabuwar filtar iska, ga ƙurar hunturu tana tafe. Kuma ku yi magana da mai kaya a gaban shaida: in an ɗaura bai yi ba, za ka dawo da shi.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Oga Idi, ko za ka raka ni gobe bayan azahar?

Oga Idi: In sha Allahu. Taho da tsohon, mu gwada ramukan noti da fuli, mu ma buɗe shi ko boris kawai yake so.