Wace kalmar Hausa za mu ba harsashin +P?

Mai tambaya:
Jama'a, a taimaka. A Amurka, ƙananan libarba na aljihu irin Smith & Wesson 642 da Ruger LCR an yi su ne don harsashin .38 Special +P. Me za mu kira +P ɗin nan da Hausa? Ni "harsashi mai ƙarfi" ya fi zauna min.

Tsohon soja:
Ɗana, kowane harsashi ai mai ƙarfi ne. Ka ajiye +P kusa da .38 na yau da kullum, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, rami ɗaya suke shiga. Sai ka juya gindin kwanson za ka ga alamar. Bambancin yana fitowa ne idan albarushi ya kama. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta SAAMI ta tsayar da iyakar matsin na yau da kullum a psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne), na +P kuwa 20,000. Ni "mai ƙarin albarushi" zan ce.

Mai fassara:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba kullum ake ƙara albarushi ba, wani lokaci irinsa ake canzawa. Abin da ake aunawa matsi ne. Shawarata "harsashi mai ƙarin matsi", kuma "ƙari" ya riga ya ɗauke alamar +.

"Mai ƙarfi" ma tsoro yake ba ni, domin mai karatu zai ɗauka yabo ne, alhali gargaɗi ne. Tsohuwar libarba Colt Cobra da ta fito a 1950 jikin alminiyam gare ta, kuma an ƙera ta tun kafin a san +P. Idan aka yi ta ɗura mata shi, jikin yana iya miƙewa, ta yi sako-sako. Cobra ta 2017 kuwa ƙarfe ce zalla, kamfanin ya amince mata da shi. Suna ɗaya, juriya daban. Rashin nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci, tunda 642 ma jikin alminiyam ne. Tambarin jikin bututu da littafin kamfani su ake dubawa.

Mai tambaya:
Na karɓa, Malam. Bindigar kuma mu ce "libarba mai jure ƙarin matsi". To +P+ fa?

Tsohon soja:
Wannan SAAMI ba ta sa masa iyaka ba sam. Ku rubuta "mai matsin da ya wuce ƙa'ida".