Yaran da aka kawo daga gida ba sa buɗe baki a aji, ku ba ni shawara

Malama a Agege:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ina koyar da aji uku a wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Agege, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya a cikin malamai. Zangon nan an kawo mana yara da dama daga gida, yawanci daga Zamfara da Sakkwato, waɗanda rashin tsaro ya sa aka turo wa 'yan uwa su riƙe. Akwai kuma wata yarinya da ta fara boko a Maraɗi, ita Faransanci aka soma koya mata.

Hausa kawai yaran nan suke ji. A aji Turanci, a filin wasa Yarbanci da buroka, ga kuma darasin Yarbanci. Haka za su zauna tsit daga safe har a tashi. Su kwafe abin da ke allo tsaf, amma in an tambaye su me suka rubuta, sai ido. Sauran malamai sun fara cewa ba su da kai, kuma duk wanda ya gagara a kowane aji sai a turo min shi, wai ga ɗan uwanki nan. Mai makarantar ta hana yin yare a haraba, har da tara. Yanzu kuma tana so a mayar da wasu aji ɗaya, ɗan shekara goma ya zauna da 'yan shekara shida.

In ci gaba da yi musu bayani da Hausa a ɓoye, ko in bi doka? Ta yaya zan jawo sauran malamai ba tare da an ce ina nuna ƙabilanci ba? Kuma ina zan samu abin karantawa?

Baban Sadiq, Mile 12:

Wa alaikumus salam. Malama, ki yi haƙuri da ni, amma don Turanci muke biyan kuɗin makaranta. Hausa tana nan a gida, kyauta. Ni na sauka Legas ban san ko gaisuwa da Yarbanci ba, ba wanda ya fassara min, amma kafin shekara ta zagayo ina cinikin tumatir da matan Ketu har da zolaya. In kina fassara musu, ai ba za su wahalar da kansu su koya ba. A bar su su sha wuya kaɗan.

Tsohon hedimasta, Idi-Araba:

Alhaji, ba ƙarya ka faɗa ba, amma yaren da ka koya a kasuwa dabam, wanda ake nema a wurin yaran nan dabam. Kai kana da kwandon tumatir a gabanka, mai saye tana nunawa da hannu, kalmomin kuma su ke nan kullum. Yaro kuwa an ba shi takarda an ce ya karanta tambayar lissafi, babu hannu, babu kwando. Wani mai bincike a Kanada, Jim Cummins, ya nuna yaro baƙon harshe kan iya hira cikin kamar shekara 2, amma yaren karatu sai ya kai shekara 5 zuwa 7 kafin ya kamo 'yan ajinsu. Nan malamai ke ruɗewa. Za su ji yaron yana zuba buroka a filin ƙwallo, sai su ce ai ya iya Turanci, taurin kai ne kawai.

Kuma an gwada abin nan a ƙasar Yarbawa, ba a Turai ba. Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, ɗan Isale Eko, wanda ya yi ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya fara wani gwaji a Ile-Ife a 1970. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda da ƙwararren malami. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa Turanci da wuri, ba su gaza ba, har a Turancin. Dalili a fili yake: yaron da ya gane mene ne raba lamba a harshensa, sunan abin kawai zai koya da Turanci. Wanda bai gane ba kuwa abu biyu yake kokawa da su lokaci guda.

Game da doka, Malama, kada ki dogara da gwamnati ta tsaya miki. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa yake maganar fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A 2022, zamanin Adamu Adamu, aka ce har shekara 6, sannan a 2025 minista Tunji Alausa ya sanar an janye, an koma Turanci. Ko lokacin da tsarin yake aiki ma, harshen yanki a Legas Yarbanci ne, bai taɓa rufe wa ɗan Gusau asiri ba.

To ga shawarata. Ki daina yi a ɓoye, don ranar da aka kama ki, ke za a ce kin ɓata su. Ki ɗauki jarrabawar lissafin da suka faɗi, ki roƙi mai makarantar da malamin ajin su zauna, ki karanta wa yaro tambayoyin da Hausa, kada ki canza lamba ko ɗaya, shi kuma ya rubuta amsa. Na sha yin haka lokacin ina aiki. Ba kowane yaro zai ci ba, amma za a ware wanda harshe ne ya tare shi da wanda bai taɓa zama aji ba sam, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Daga nan sai ki nemi izinin zango guda: minti ashirin da safe kafin a shiga aji, ki gabatar musu da Hausa abin da za a yi ranar, da kalmomin Turanci biyar ko shida da za su ci karo da su. Darasin kansa ya tafi da Turanci yadda Alhaji yake so.

Maganar mayar da ɗan shekara goma aji ɗaya, ki yi iya ƙoƙarinki kada ta yiwu. Ba ya daɗewa, sai ki gan shi a bakin kasuwa yana dako. Ya zauna da tsaransa, a riƙa fitar da shi awa guda a haɗa shi da masu matakin karatu irin nasa.

Malamin Islamiyya, Zango:

Allah ya saka wa Baba hedimasta. Ni abin da ya ba ni haushi shi ne kalmar ba su da kai. Irin yaran nan suna zuwa wurinmu da yamma, kuma sau da yawa su ne kan gaba a hadda. Yaron da ya riƙe izu biyu ko uku a ka, ya san baƙaƙe da wasulla, wani ma yana rubuta ajami, ta ina ya zama daƙiƙi? Ya riga ya san cewa alama a kan allo sauti ce, abin da ya rage a nuna masa baƙaƙen boko, a kuma saba masa da farawa daga hagu.

Shekara da shekaru muna koyar da yara ɗaya da malaman boko, amma ko sunan juna ba mu sani ba. Malama, ki turo min abin da za ku yi a mako ta WhatsApp, kowace Asabar. Zan ware kwata guda bayan darasi mu tattauna shi da Hausa, zan kuma gaya wa sauran malaman unguwa. Kwata guda kawai fa, kada a mayar mana da Islamiyya gidan lesin.

Anti Binta, haifaffiyar Obalende:

Kowa yana ta Turanci an manta da Yarbanci. A 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar, na gwamnati da na kuɗi, har ta ɗaura shi a sharaɗin shiga manyan makarantun jiha. In dai a Legas yaran nan za su girma, ba darasin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

Kuma ki duba abin dariyar da ke makarantarku: ana biyan malami albashi ya koyar da Yarbanci, in yaro ya fita aji ya yi Yarbancin a ci shi tara. Wannan malamin shi ne abokin tafiyarki na farko, don shi ma dokar tana ci masa tuwo a ƙwarya. Kada ki je wurin madam da maganar yaran Hausawa, ku je ku biyu da maganar duk yaron da ba Turanci ake yi a gidansu ba. Akwai 'yan Ibo, akwai 'yan Egun, akwai Yarbawan da kansu buroka kawai suka iya. In kin sa shi haka ba mai ce miki ƙabilanci.

Sannan turo miki yara da ake yi, ki ƙi cikin ladabi. Ki ce za ki shiga ajin malamin ki taimaka na ɗan lokaci, amma yaron ɗalibinsa ne. In ba haka ba za ki wayi gari kina da aji na musamman na Hausawa a ƙarshen baranda, su kuma ba za su ƙara jin Turanci daga bakin tsara ba. Ni abin da ya cece ni a firamare wata ƙawa Bayarabiya ce da aka zaunar da mu benci ɗaya. Ki zaunar da kowane sabo tsakanin Bahaushe haifaffen Legas da wani wanda ba ya jin Hausa.

Wani abu kuma, yaranmu ba sa shan wuyar karin sautin Yarbanci kamar yadda ake zato, tunda Hausa ma tana da hawa da saukar murya. Wurin rubutu ne suke tuntuɓe, ɗigon ƙasa da alamomin sama. Ki gaya wa malamin ya fara da baki kafin alli.

Maman Hanifa, Alaba Rago:

Don Allah a kuma duba wani gefen. Ba kowane shiru ne na harshe ba. Ina riƙon ɗan ƙanena da aka kawo bayan an shiga ƙauyensu, ko a gida da Hausar ma ba ya magana, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Irin wannan in aka ɗaga masa bulala an gama da shi. Ki tambayi masu riƙon abin da yaro ya gani, ki tambaya ko yana karyawa kafin ya fito, kuma a kai su asibitin unguwa a duba kunne da ido. Masu riƙon da yawa ba sa zuwa taron iyaye don da Turanci ake yi, kunya suke ji. Ki yi musu saƙon murya da Hausa, za ki ga amsa.

Ɗalibi, Akoka:

Anti, batun littattafai: akwai African Storybook da Bloom Library da StoryWeaver a intanet, duk kyauta, da ƙananan labarai masu hotuna cikin Hausa. A African Storybook sau da yawa za ki samu labari ɗaya da Hausa da Turanci, wani har da Yarbanci, sai ki buga su ki manna gefe da gefe. Ki karanta kafin ki buga, don wata fassarar ba ta da daɗi, wata kuma an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Ki kuma nemi kayan shirin Mu Karanta da aka yi wa 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato, an tsara su baƙi bayan baƙi. In kina da malami sananne a can zai iya sa miki a motar kaya. Bugawar ni zan ɗauka, a makarantarmu ya fi araha.

Baban Sadiq, Mile 12:

Baba hedimasta, na ji, ban dai sallama ba. Gani ya kori ji. A yi zango gudan, in sakamako ya fito a nuna mana. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a zo a ce an ƙara kuɗin makaranta saboda darasin safe. Kwali da maka kuwa, Malama, ki aiko yaro shagon ƙanena ya karɓa, na ɗauki nauyi.

Malama a Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da malamin Yarbanci, ya amince mu shiga wurin madam tare, har ya ce malamar aji biyar ma za ta biyo mu, don tana da 'yan Kwatano a ajinta masu irin wannan matsalar. Gwajin lissafin zan fara nema, don shi ne ba ya cin ko sisi. Malam, za ka ji ni ranar Asabar in sha Allahu. Maman Hanifa, maganarki ta tsaya min a rai, akwai wani yaro da nake ganin haka ne.

Saura yarinyar Maraɗi, ba wanda ya taɓo ta. Tana karatu da sauri, amma duk kalmar Turanci da lafazin Faransanci take fitar da ita, yara suna mata dariya har ta fara ƙin ɗaga hannu.

Tsohon hedimasta, Idi-Araba:

Wannan ita ce mai sauƙin cikinsu, 'yata. Ta riga ta iya haɗa baƙi, kuma kalmomin kimiyya da lissafi da yawa kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Lafazi zai gyaru da ji. Kada a gyara mata a gaban aji, ki riƙa karanta mata layi tana maimaitawa ku biyu. Malamar aji biyar ɗin ta haɗa ta da 'yan Kwatanon a lokacin tara, kuma in kuna da mai koyar da Faransanci ku jawo shi cikin zaman da za ku yi da madam.