Ƙullina yana warwarewa a ƙananan ƙugiyoyi, ina mafita?

Salamu alaikum 'yan uwa masu fatsa. Don Allah a taimaka mini, wani abu ya sha mini kai.

Na daɗe ina kamun kifi da ƙwaron roba, wato ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro, kuma a manyan ƙugiyoyi ƙullin kilinci (wanda ake naɗa bakin zaren a jikinsa sau da yawa don ɗaure ƙugiya) bai taɓa ba ni kunya ba. Matsalar ta fara ne da na koma ƙananan ƙugiyoyi masu lamba 20 da 22, da siririn zare 6X da 7X, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.10 ba. Kifi zai cafka, in ɗan ja, sai in ji sakayau. In na duba bakin zaren sai in gan shi a nannaɗe kamar wutsiya, alamar ƙullin ne ya zame, ba zaren ya tsinke ba.

Ina jiƙa shi da yawu kafin in ja, ina ja a hankali. Na ƙara nadi daga biyar zuwa bakwai, zamewar ta ragu, amma ƙullin ya yi ƙato har ya kusa kai girman kan ƙwaron. Da zaren nailan abin da sauƙi, zaren fulorokabon ne ya fi wahalar da ni. Zura zaren a idon ƙugiya kuwa, idona ya fara tsufa, wannan wani labarin ne.

Shin in koma ƙullin Debi, wani salon ɗaure ƙugiya, tunda ƙarami ne? Yana riƙe fulorokabon kuwa? Kuma wane tsawo kuke bari a bakin zaren bayan kun yanke?