Wai 'yan zamanin kaset sun fi iya rubuta manhaja?

Kawu: Salamu alaikum. Jiya ina kwashe tarkace a sito na ci karo da tsohuwar kwamfutata ZX Spectrum, wadda na sayo a Ingila a 1983 ina ɗalibi. Ƙwaƙwalwarta kilobait 48 ce kacal. A talabijin ake jona ta, a rikoda ake ɗora mata manhaja, ka zauna kusan minti biyar kana jin ƙiiii, ƙarshe ta ce kaset ɗin bai karantu ba. Amma ina faɗa da babbar murya, duk wanda bai koyi aikin nan a cikin irin wannan ƙunci ba, bai san kwamfuta ba, haya kawai yake yi a cikinta.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya huci zuciyarka, amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba 😄

Kawu: Yaro, bana ɗin ce ta sa manhajar tura saƙo kawai take cinye megabait ɗari a wayata? Mu kowane bait sai mun ƙirga shi, kamar mai auna gero a shekarar fari.

Injiniya: Yaya, rabin maganarka na karɓa. Ni Commodore 64 na fara taɓawa, wadda ta fito a 1982. Kana kunna ta, babu hoto babu komai, za ta ce maka saura bait 38911, ta rubuta READY, ta zuba maka ido. Ko wasa kake so sai ka buga umarni. Mujallu kan buga manhaja sukutum a takarda, mu kwafa layi-layi, in ta ƙi tashi mu bi sawu har mu gano inda muka yi tuntuɓe. Ranar da na buga umarnin POKE 53280 da wata lamba na ga gefen allo ya canza launi, ban yi barci ba. Sai dai ni a ganina ba ƙarancin ƙwaƙwalwar ne ya koya mana ba, ƙofar ce a buɗe. Wayar Auta ta ninka ta sau dubbai, amma ina ƙofar shiga cikinta?

Malama: Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwa a garwashin. BASIC, harshen rubuta manhaja na waɗannan kwamfutocin da kuke yabo, tun a 1975 masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya yi mata kaca-kaca, yana ganin ɗalibin da ya fara da ita da wuya ya gyaru. Ya yi zafi, na yarda, amma duk wanda ya taɓa bin GOTO, umarnin tsallake zuwa wani layi, daga layi 40 zuwa 900 ya dawo 120 ya san abin da ya gani. Manhajar mutum ɗaya ce a ɗakinsa. Ta yau mutum ɗari ke rubuta ta, dole wani ya iya karanta aikin wani.

Kawu: Malama, in ba ƙira me ya ci gawayi? Linus Torvalds a kan kwamfutar VIC-20 ta kakansa ya fara, ya koma Sinclair QL, a 1991 ya fito da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ma bai gyaru ba?

Malama: Ranka ya daɗe, waɗanda suka yi fice kake ƙirgawa. Commodore 64 an sayar da miliyoyi, yawancinsu wasa aka yi da su har suka mutu. Ga kuma abin da ba a so a tuna: a Amurka, a 1984 mata sun kai kashi 37 cikin ɗari na masu digirin kimiyyar kwamfuta, daga nan adadin ya yi ta zamewa. Masu nazari da yawa na danganta hakan da yadda aka tallata waɗannan na'urori a matsayin kayan wasan samari.

Auta: Kuma Kawu, a Kano gida nawa ne ke da irin wannan kwamfuta a lokacin? Yayyenmu a shagon buga takardu da kafen intanet suka fara ganin kwamfuta, ana biyan kuɗin awa. Ni a waya na fara koyon harshen manhaja na Python.

Injiniya: Auta, wayar taka ma jikar zamanin ce. Kamfanin Acorn ya yi kwamfutar BBC Micro a 1981, ta cika makarantun Birtaniya. Sophie Wilson da Steve Furber da suka yi aikinta su suka zana ARM, ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai (processor) da ta fara aiki a 1985, kuma zuriyarta ce ke cikin kusan kowace waya yau. Sannan Eben Upton a Kambirij ya lura ɗaliban da ke neman shiga sashen kwamfuta ba su da hannu irin na 'yan baya. Wannan ne ya haifi Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar koyo, a 2012, a kan dala 35.

Kawu: Ka ji! Su da kansu sun shaida.

Malama: Sun shaida maganar Injiniya dai. Pi ta farko megabait 256 gare ta, ba su mayar da yara kan kilobait 48 ba.

Auta: Kawu, a kunna mana Spectrum ɗin taka ranar Asabar mu gani mana.

Kawu: Madannan sun daskare. Kaset ɗin da na adana manhajata ta farko kuma, gwaggonku ta naɗi karatun walima a kai tun 1992.