Ɗalibi yana son zama makaɗin timfani: da shi za a fara ko da gangar?

Malamin Badujala: Salamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka kaɗa timfani, wato manyan gangunan nan masu siffar ƙwarya da ake canja wa murya da feda, ko suka koyar da shi. Akwai yaro mai hannu sosai a gangar fareti, yanzu burinsa kujerar timfani a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai. Ganguna biyu ne a ƙasa, mai inci 29 da mai inci 26, masu feda da fatar roba. Ƙaramar tana ƙara in an taka feda, fedar kuma ba ta tsayawa inda aka bar ta.

Mai Gula: Wa alaikumus salam. Da gangar za ka fara, Malam, don ganga mai ƙarya ɓata kunnen yaro take yi. Yawancin na makarantu fedarsu da sifirin take aiki: sifirin na ja gaba, fata na ja baya. In fata ta saki, sifirin ya fi ƙarfinta, feda ta zame gaba da kanta. In an ɗaure ta fiye da kima, feda ta riƙa komawa baya. Ka danne diddigen feda, ka daidaita muryar ƙasa tukuna: mai 29 a kan muryar da ake kira F, mai 26 a kan B♭. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa ba a taɓa sifirin ba.

Ƙarar kuwa daga leɓen ƙwaryar gangar take, inda fata ke gogar busasshen ƙarfe. A cire fata, a goge leɓen, a manna masa tef mai santsi na Teflon. Amma kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka tokare fedar da katako, in ba haka ba sifirin zai fizge ta da ƙarfi. In za a sayi sabuwar fata a auna tsohuwar. A yawancin na zamani fata ta ɗara ƙwarya da inci 2, wato mai 26 fatar 28 take ci.

Bayan an mayar, sai aikin haƙuri. Ɗora ƙyalle a tsakiya, ka ɗan taɓa gaban kowane noti da gula, ka saurara. Duk su faɗi murya ɗaya. Juyi kada ya wuce kwata, kuma in ka taɓa noti ka duba wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen.

Malama Mai Biyano: Daga nan sai kunne, kuma nan ne yawancin 'yan gangar fareti ke faɗuwa. A ba shi ƙarfen ɗaukar murya na A 440 (wanda in an buga shi yake ba da muryar A), ya rera A da bakinsa, daga ita ya rera D ko E, sannan ya nemo ta a ganga. Wanda bai iya rerawa ba, ba zai iya ɗaurewa ba. Ya faro daga ƙasa ya hau da feda zuwa muryar. In ya sauko daga sama, fata kan maƙale a leɓe, bugun farko ya sauke ta. Mai kalangu da hammata yake canja murya, wannan da ƙafa, amma shi dole ya yi a ɓoye, yana ƙirga gaɓoɓin hutu, sauran makaɗa na kan wata murya daban. Allurar nuna murya da ke gefen ganga kusantar da kai kawai take yi.

Tsohon Saje: Hajiya ta gama magana. Ni hannu zan ƙara. A gangar fareti ana barin sanda ta yi tsalle biyu. A timfani rugugi bugu ɗaiɗai ne, dama da hagu, a hankali kan babbar ganga, da sauri kan ƙarama. Wurin bugu kamar inci 4 daga baki, tsakiya ba ta da amo. Ya ɗaga gula da zarar ta taɓa, ya koyi kashe amo da yatsu. Kuma don Allah a hana yara jan ganga ta zoben sama, ta ƙafafun jiki ake kamawa.

Mai Gula: Yallabai, wannan jan zoben shi ke karkatar da rabin fatun makarantu. Wani abu kuma: in ya yi nisa zai haɗu da fatar maraƙi, a Biyana, babban birnin Ostiriya, ma ta akuya suke sawa. Amonta ya fi, amma da iska take tafiya. Danshi na sakinta, muryoyin sama su ɓace. Bushewa na ɗaure ta, na ƙasa su ɓace, har ta tsage. Shi ya sa ake sa jiƙaƙƙen soso cikin ƙwarya. Mai hunturu irin namu ya zauna kan roba.

Ɗan Legas: Batun sana'ar, a gaya masa gaskiya. Okestira na da masu goge da dama, amma kujerar shugaban timfani ɗaya ce, kuma wanda ya hau ba ya saurin sauka. Saul Goodman ya riƙe ta okestirar New York Philharmonic daga 1926 zuwa 1972, yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Juilliard. Vic Firth ya riƙe ta okestirar Boston daga 1956 zuwa 2002, ya kuma kafa kamfanin sandunan kiɗa. A Amurka gwajin ɗauka bayan labule ake fara shi don kada alƙalai su ga mai kiɗan, 'yan gutsattsarin kiɗa ake nema. Da wuya a rasa kashi na biyu na simfoni (dogon kiɗan okestira) ta 9 ta Beethoven, inda ganguna biyu ke kan F ta ƙasa da F ta sama, da kashi na huɗu na Concerto for Orchestra na Bartók, wanda kusan duk aikin ƙafa ne. A gida, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas na da makaranta da okestira. Yaron ya haɗa da zailofon (jerin katakai masu muryoyi da ake kaɗawa) da ƙaramar ganga da karatun nota, don da su zai samu ɗalibai.

Malamin Badujala: Na gode ƙwarai. Ganguna biyun za su ishe shi?

Ɗan Legas: Kiɗan Mozart da Haydn da Beethoven duk ganguna biyu suke nema, sun ishe shi shekarun farko. Bartók sai an ƙaro mai 32 da mai 23. Babba a hagu in tsarin Amurka zai bi, a dama in na Jamus. Ya zaɓi ɗaya tun yanzu.