Ranar da gishiri ya zarce a tukunyarku, yaya kuka yi?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sha kunya, ina so in ji ko ni kaɗai ce. Ƙanwata ta zo min yini, muka shiga kicin tare, ina kan miya tana yanka albasa, hira ta yi daɗi. Na zuba gishiri na fita amsa waya. Ashe bayan fitata ta leƙa tukunya, ta ɗauka ban sa ba, ita ma ta zuba nata. Ba mu ankara ba sai da maigida ya kai loma ɗaya, ya ajiye cokali, ya jawo kofin ruwa bai ce uffan ba. Wallahi gara ya yi faɗa da wannan shirun. Rabin miyar na nan a firij, na rasa yadda zan yi da ita.

Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ni tun ina yarinya nake jin a fere dankalin turawa a jefa, zai tsotse gishirin. Sau biyu na gwada. Na farko kamar ya yi, na biyu kuwa manya uku na jefa, miyar tana nan zau, ga dankalin ya narke ya ɓata min ita.

Gwauron Gida: Auta, ni ma wannan magana ta daɗe tana damuna, har ranar wata Asabar na zauna na gwada. Na dama gishiri a ruwa, na raba tukunya biyu, ɗaya da dankali ɗaya babu, na dafa su tare. Da na ɗanɗana, kusan duk ɗaya. Dankali kamar soso yake, ruwan yake sha tare da gishirin da ke cikinsa, ba ya tsince gishirin shi kaɗai. Abin da ya rage a tukunya ƙarfinsa na nan. Na farkon da kika ga kamar ya yi, ina zargin kin ɗan ƙara ruwa don dankalin ya nuna.

Auta: Kai Yaya, ka kama ni. Na ƙara kuwa.

Hajiya Babba: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba macen da ta daɗe a gaban murhu ba ta ga wannan rana ba. Tawa ta same ni ne da baƙin maigida su shida a falo. Na ɗanɗana miya na ji harshena ya ƙanƙance. Ban yi wata-wata ba na ɗora ƙaramar tukunya a gefe, na soya albasa da tumatir da tattasai, ko ƙwayar gishiri ban sa ba, ban sa dunƙule ba, na juye a kan waccan na juya. Baƙi suka ci har da neman ƙari, mu kuma muka kwana uku muna cin miya iri ɗaya. Gishirin da ya narke ba ya fita, sai dai ki ƙara masa abin da zai bazu a ciki. Ruwa zalla ma yana yi in kuskuren kaɗan ne, amma in ya yi yawa miya za ta tsinke ta zama salam.

Shinkafa ko taliya sun fi sauƙi in kin farga da wuri: tsiyaye ruwan, ki zuba wani mai zafi, ki ci gaba. In miyar ce kawai ta zarce, dafa shinkafarki fara ba gishiri, a faranti za su daidaita.

Abin da na lura yana kayar da yaran yanzu biyu ne. Suna cika gishiri tun miya na da ruwa, su manta ruwa zai ƙone ya bar gishirin a inda yake. Sannan ba sa lissafa dunƙule, alhali shi ma gishiri ne ya cika shi. Ni dunƙule nake fara sawa, sai miya ta kusa sauka in ɗanɗana in ga ko akwai sauran wuri. Maganar ƙanwarki kuwa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne a wajen ci, ba a wajen sa gishiri ba. A kicin ɗina kowa na iya yanka da jajjage, amma robar gishiri mutum ɗaya ke taɓa ta.

Amarya: Ni cokalina bai canza ba, gishirin ne ya canza. Na saba da mai tsakuwa, ya ƙare na sayo mai laushi, na ɗebi yadda na saba. Ashe mai laushin ya fi cika cokali. Ga shi ranar ina mura, na ɗanɗana ban ji komai ba na ƙara. Sauran labarin ku bar shi kawai.

Anti Nas: Ina ganin wasu na cewa a matsa lemun tsami ko a ɗan sa sukari. Na yi, yana ɓoye zafin gishirin a baki, amma abin da zai shiga jiki bai ragu ba. A gidana wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda maigidana na da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Da likita ya ce a rage, na janye gaba ɗaya a rana guda, aka ƙi cin abincin. Sai na koma ragewa kaɗan-kaɗan, ina ƙara citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni bakinsu ya saba, yanzu in mun ci a waje yara ke cewa gishiri ya yi yawa.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Hajiya, na bi taki, na yi sabuwar soyayya na haɗe, da rana aka cinye tas. Na kira ƙanwar tawa ina mata tsiya, sai cewa ta yi ai ba gishiri kaɗai ta ƙara ba, har da dunƙule biyu.