Wane suna za mu ba irin su RAV4 da CR-V da Hausa? Gobe zan ɗauki shiri

Asma'u Runjin Sambo: Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Agaji nake nema cikin gaggawa. Gobe Alhamis da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirinmu na rediyo kan harkar mota, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Wata malamar makaranta da ke zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato, ta aiko da tambaya. Ta tara kuɗinta, dillali ya nuna mata motoci biyu 'yan Kwatano, Toyota RAV4 da Honda CR-V, dukansu ƙirar 2008. Tana son wadda za ta riƙa kai yara makaranta, ta je aiki, ƙarshen wata ta leƙa gida Wurno. Amsar ba ta gagare ni ba. Abin da ya gagare ni sunan jinsin motar ne. Turawa suna ce musu compact crossover. In na ce jif, na haɗa su da Land Cruiser da Prado, alhali rabin shirin a kan bambancinsu yake. In na faɗi Turancin, tsohuwar da ke saurare a Kware ba ta san me na ce ba. Me zan kira su?

Abu Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙaramar jif. Haka kowa ke cewa a bakin tasha da wurin dillalai.

Oga Sani Bakanike: Hajiya Asma'u, kahin a sa ma yaro suna a dubi ubanai. Jif ta gaskiya, irin Land Cruiser, gininta ɗaya da Hilux: akwai casis na ƙarhe daban, kamar tsani a kwance, sannan a ɗora bodi bisa a ɗaure. Shi ya sa takan sha wahalar daji ba ta ji ba. Su waɗanga biyu ba haka anka yi su ba. Bodi da casis a haɗe suke, gini guda, kamar Corolla ko Civic. CR-V ta hwarko ma, wadda ta hito 1995, bisa ƙashin Civic anka gina ta. RAV4 ta riga ta da shekara guda, 1994. Ƙaramar mota ce anka ɗaga ma ƙahwa, anka ba ta rigar jif. Duk sunan da za ku sa, shi nuna hakan.

Malam Dikko: Madalla da bayanin Sani. Amma ni tun daga tushe nika da ja. Jif ba Hausa ba ta, kuma ba ma sunan jinsi ba ta. Sunan kamfani guda na, na Amurka, Jeep, wanda motatai ta yi suna a hannun soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Ƙaƙa za a ɗauki motar Japan a laƙa mata sunan kamfanin Amurka, a ƙara "ƙarama" a gaba, a ce an yi hwassara? Ga suna nan cikin gidanmu: alfadara. Uba jaki, uwa goɗiya. Ta hi jaki tsawo da ƙarhi, ba ta kai doki ba, ga juriya, ga sauƙin ci. Kuma kun san maganar: an tambayi alfadari wa ne ubanka, ya ce doki na kawuna. Wagga mota haka take. Ka gan ta ka ce jif, ka leƙa ƙarƙashi ka iske salun. Bayanin da Sani ya yi a layi bakwai, kalma guda ta ɗauke shi.

Hajiya Luba: Allah shi gafarta Malam, maganarka ta yi ma'ana, amma ba za ta shiga kasuwa ba. Mace ta yi shekaru tana adashi, ta sayi mota da miliyoyinta, sai a buɗe rediyo a ce alfadara ta hau? Wallahi da ni ce sai na ji zafi. Kuma dillali ba zai taɓa faɗin wannan suna ba, shi da yake son ya sayar. Me zai hana a ce ruwa-biyu?

Nura Fagge: Hajiya, ruwa-biyu ta yi daɗin faɗa, sai dai akwai inda za mu fi bukatarta. Motocin da ke haɗa fetur da lantarki suna ƙaruwa, kuma ita kanta RAV4 tana da irin wannan tun ƙirar 2016. In kika ba crossover ruwa-biyu yau, gobe me za ki kira RAV4 mai fetur da batir? Ruwa-huɗu?

Malam Dikko kuma, da girmamawa, zancen cewa jif sunan kamfani ne bai hana ta zama Hausa ba. Duk garin sabulu Omo ne a bakin Bahaushe. Duk ɗanɗanon miya Maggi ne. Man goge baki makilin ne ko wane kamfani ya yi shi. Kalma in ta shiga, ta karɓi jinsi, aka ce "jif ɗin nan" ko "jif ce", ta zama 'yar gida. Mu nan Kano ƙaramar jif ta riga ta zauna, ban ga abin wahalar da kai ba.

Malam Dikko: To, ga ta nan. "Mu nan Kano ta zauna." Kullum haka na. Abin da anka hwaɗi a Kano shi na Hausa, namu kuma karin harshe. Ɗana, shirin ga a Sakkwato za a watsa shi, mutanen Gwadabawa da Illela da Tambuwal ka saurare, har da na Ƙonni a ƙetaren iyaka. An ɗauki Kananci an yi daidaitacciyar Hausa da shi don rubutu, mun karɓa, muna koyar da ita. Amma ba a ba ku ikon raɗin suna ba. Kakanninmu da sunka ga abu na tashi sama ba su ce eroplen ba, sunka ce jirgin sama. Sunka ga na dogo sunka ce jirgin ƙasa. Sunka ga ƙaramar motar kaya sunka ce a-kori-kura. Su ba su yi kasala ba, mi za ya sa mu yi?

Nura Fagge: Malam, ban raina Sakkwatanci ba, kuma in maganata ta yi kama da haka a yi haƙuri. Amma kakannin nan dai su ne suka ce mota, taya, birki, giya, sitiyari. Sun ƙirƙira a wani wuri, sun ara a wani wuri. Kuma a-kori-kura ba malami ne ya zauna ya ƙaga ta ba, 'yan tasha ne.

Abu Arkilla: Nan Nura ya faɗi gaskiya. Dubi babur mai ƙafa uku. Kano suna cewa adaidaita sahu, daga sunan shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Mu nan agwagwa da buje muke cewa. Ɗan acaɓansu shi ne ɗan kabu-kabunmu. Ba kwamitin da ya zauna. Titi ya raɗa, kowa ya bi.

Malam Dikko: Ai hujjata ce ka kawo, Abu. Agwagwa da buje! Ka ji Hausa mai hoto a ciki. Mutanen da sunka iya wannan ba za su kasa karɓar alfadara ba, in dai an jiyar da su ita. Rediyo ka jiyarwa. In Asma'u ta hwaɗe ta mako huɗu a jere, sai kun ji ta a bakin yaran gareji.

Hajiya Luba: Agwagwa da buje ta haya ce Malam, mai shiga ba tashi ba ce, ya biya ya sauka. Motar da mutum ya saya da guminsa daban.

Baba Shehu Ƙofar Rini: In dabba kuka so, ku bar alfadari ku zo ga doki. Babban doki ingarma na. Gajeren doki mai ƙwari, wanda yaro ka hawa shi sarrafa, sunanai kuru. Land Cruiser ingarma, wagga kuru. Babu cin huska a ciki, don kuru doki na.

Malam Dikko: Baba, ranka shi daɗe, kuru ta hi ƙaramar jif nesa ba kusa ba. Illa dai ta nuna ƙanƙanta, ba ta nuna gauraye ba. Kuru ɗan doki na uwa da uba. Wagga mota kuwa ba jif ba ta uwa da uba, nan ne gizo ke saƙa.

Nura Fagge: Kuma a tambayi matasa goma a Dandima ma'anar kuru a ga nawa za su sani. Sai an fassara fassarar.

Asma'u Runjin Sambo: Malamai, sha ɗaya ta wuce, kuma rubutun shirin bai kammala ba. Ga abin da na yi. Na shiga ɗakin Innarmu na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, ban yi mata bayani ba. Alfadara, ta ce motar kaya ce? Kuru, ta gane doki, amma ta ɗauka irin ƙananan motocin nan ne masu ƙofa biyu. Ruwa-biyu, ta ce ba a faɗin haka, kalmar mutane ce kuma ba kowa ke son ta ba. Da na ce ƙaramar jif, nan take ta ce irin ta maƙwabcinmu, kuma ta canka daidai. Sai dai ta ƙara da cewa, "To ai ita ko'ina shiga take, ko rairayi ko ruwa." Wannan kuskuren shi nake tsoro tun farko. Sunan ya kai ta ga motar, amma ya ba ta ƙarfin da motar ba ta da shi. Oga Sani, in malamar nan ta ɗauka haka fa?

Oga Sani Bakanike: Shi na babban abin da za ki hwaɗa mata, ya hi sunan muhimmanci. Da yawa cikin waɗanda aka kawowa tayun gaba kaɗai ka ja, ko kusa ba su da fowil, wato jan taya huɗu. A duƙa a leƙa, in babu sandar da ta tahi zuwa tayun baya, to gaba ɗai ta. Ko mai fowil ɗin ma ba ta da ƙaramar giyar daji irin ta Land Cruiser. Tsawon ƙahwarta zai taimake ta da ramu da kwatar Mabera in damina ta sauka, amma kar ta hwaɗa ruwan da ya kai ƙohwa, injin zai sha.

Batun zaɓi kuwa, dukansu akwai mai fulogi huɗu, inji 2.4. RAV4 ta wannan zubin akwai mai fulogi shida, 3.5, tana da gudu ƙwarai, amma tun da anka cire tallahin mai a Mayun 2023 ba ni ba malamar makaranta shawarar ta. Giyar CR-V biyar ta, ta RAV4 mai fulogi huɗu kuwa huɗu. Ƙohwar but ta RAV4 gehe taka buɗewa, galibi da safaya rataye a baya, sai da hili bayanta. Ta CR-V sama taka ɗagawa, safaya na ciki ƙarƙashin but, ya hi sauƙi ga mai ɗaukar yara da cehwane. Injin 2.4 na RAV4 ta waɗannan shekarun an san wasunsu da shan baƙin mai, don haka a duba sandar auna mai, a dubi hayaƙi. Kayan gyaran Toyota kuma sun hi saukin samu nan garin, kuma yaran gareji sun hi sabawa da ita. Ta gwada sanyin AC na kowace da ƙarhe biyu na rana, mota na tsaye, don zahin Afrilu nan shina wuce 40. Ta ga takardun kwastan da idonta. Wadda ta hi lahiya cikin biyun ita za ta ɗauka, ko wace iri ce.

Hajiya Luba: Ki ƙara mata da cewa ta je da bakanikenta, ba na dillali ba.

Asma'u Runjin Sambo: Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta, ku duba: "Waɗannan motoci su ake kira ƙananan jif, wato masu tsayin jif amma ƙashin ƙaramar mota." Sau ɗaya zan faɗi wutsiyar a farko, in maimaita ta bayan talla, sauran wurare in ce ƙaramar jif kawai. Malam Dikko, maganar alfadari da kawunsa doki zan kawo ta wurin bayanin gini, don ban ga abin da ya fi ta fito da ma'anar ba. Amma ba zan sa ta sunan motar ba. A ƙarshe zan roƙi masu saurare su aiko da sunan da suke kiranta a garinsu, in karanta mako mai zuwa, har da kuru ta Baba.

Nura Fagge: Ya yi. Ni da "masu siffar jif" zan ce maimakon "tsayin jif", don Prado ta fi su tsayi.

Asma'u Runjin Sambo: Na karɓa, siffar jif.

Malam Dikko: Ni ban gamsu ba, kuma ba ni ɓoyewa. Suna mai buƙatar wutsiya bai cika suna ba. Amma shiri naki na, lokaci kuma ya ƙure. Abu biyu nika roƙo. Ki hwaɗa musu wanga suna na wucin gadi na, ƙohwa na buɗe. Sannan in kin zo bayanin gini kar ki ce casis, ki tsaya ga ƙashi kamar yadda kika rubuta.

Oga Sani Bakanike: Ta hwaɗi duka biyun Malam, sau guda. In malamar ta zo gareji ta ce a duba mata ƙashi, yarana ba su gane ba.

Asma'u Runjin Sambo: Zan ce ƙashi, wanda kanikawa ke kira casis. Sai da safenku, Allah ya saka da alheri.